Faɗakarwa Game Da Ciwon Ƙwaƙwalwa Na Gado

Ya ku 'yan'uwa na Talata Mafara da Bakura da Maradun, muna jan hankalinku ga wata cutar ƙwaƙwalwa da ake gado, mai suna Huntington, sunan likitan Amurka da ya bayyana ta a 1872. Sai a 1993 aka gano ƙwayar halittar da ke jawo ta, bayan dogon bincike a cikin iyalan masunta na tafkin Marakaibo, ƙasar Benezuwela.

Galibi tana ɓoyewa har mutum ya kai shekara 30 zuwa 50, ya riga ya hayayyafa. Sau da yawa hali ke fara sauyawa: mai haƙuri ya koma mai zafin rai. Sannan gaɓoɓi su riƙa fizga ba da sonsa ba, fartanya ta gagare shi, magana ta sarƙe, haɗiyar tuwo ta zama haɗari. A nan ne muke zalunci. Sai mu ce sammu ne, a sayar da buhunan shinkafa a kai wa boka, ko a saki matar da ba ta yi laifin komai ba.

Kowane ɗan mai cutar, gadonta rabi da rabi ne. Ba ta warkewa, amma akwai magungunan rage fizgar da baƙin ciki. Wanda aka ga haka gare shi, musamman in an gani ga mahaifinsa ko mahaifiyarsa, a kai shi asibitin koyarwa na Sakkwato ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. A tausasa masa abinci, a zaunar da shi sosai kafin a ba shi.