Kaya a Kwatano, Ido a Malanbil



Daga nan zuwa tashar jiragen ruwan Kwatano ya haura kilomita 700. In kayanka sun maƙale a sito, sai ka rufe shago, ka biya kuɗin mota da masauki, don kawai ka gani da idonka.

A wasu ƙasashe an rage wannan wahala. Tun 2016 kamfanin Microsoft ya fito da tabarau mai suna HoloLens. Ma'aikaci ya sa shi cikin sito, wanda ke nesa ya ga abin da yake gani, har ya zana masa alama a kan buhun da yake nufi.

Ba mu ce gobe kowa zai sayi tabarau ba. Wayar da ke aljihunka ma za ta nuna maka kwantenarka, in akwai lantarki da intanet mai ƙarfi. Su ne muka rasa.

Rufe gadar Gaya a 2023 ya koya mana tsadar zaman mota da kaya a kanta. Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi: yaushe za mu sallami kayanmu a duwan daga nan gida? Ranar zaɓe ku tuna amsarsa.