“Ina Zuwa” Ba “I'm Coming” Ba Ne: Kalmomin Tafiya da Ke Ruɗa Mu a Turanci

Jawabin da na gabatar a zaman wata-wata na ƙungiyarmu a birnin Manchester, wanda kwamitin mujalla ya nemi in rubuta domin 'yan uwa na gida da na waje.

 

An ce in yi gajeren bayani a kan wasu kalmomin Turanci da ke ba mu wahala. Zan fara da abin da ya faru da ni, domin kada wani ya ɗauka daga sama nake magana.

A watana na biyu da fara aiki a wani gidan kula da tsofaffi, wata tsohuwa ta danna ƙararrawa da dare tana son zuwa banɗaki. Na riƙe mata hannu, ta dogara da sandarta, muka je muka dawo lafiya. Sai na rubuta a littafin rahoto: “I carried her to the toilet.” Washegari shugabar aiki ta kira ni ofis, fuska ba walwala. Ni a zuciyata “na kai ta” na rubuta, domin a gida mun saba direba ya “carry” fasinja. Amma a nan “carry” na nufin ka ɗaga abu cak ka tafi da shi. Abin da ta fahimta shi ne na saɓa tsohuwa a kafaɗa ni kaɗai, alhali ƙasar nan tana da doka tun 1992 a kan ɗaga nauyi a wurin aiki, kuma a wurinmu an hana mutum ɗaya ya ɗaga mara lafiya. Sai da aka tambayi tsohuwar kafin a wanke ni. Da na rubuta “I took her” ko “I walked her to the toilet”, da ba a yi wannan zama ba.

Da yawa daga cikinmu nan da Turanci muka yi karatu tun daga firamare har jami'a. Turancin gida daidai yake a gida. Sai dai kalmomin tafiya suna da ma'anar da Bature ya ba su, kuma a wurin aiki da tasa ma'anar zai saurare ka.

Abin farin ciki, mabuɗin yana cikin Hausarmu. Ku duba: fita da fito, shiga da shigo, sauka da sauko, aika da aiko. Wannan “o” ta ƙarshe tana nuna cewa motsin ya nufo inda mai magana yake. Wani malami a makarantar SOAS ta Landan, F. W. Parsons, ya kasa aikatau na Hausa zuwa aji 7 a shekarar 1960, kuma masu ƙarewa da wannan “o” su ne aji na 6. Turanci ba shi da irin wannan ɗafi, sai ya canza kalmar gaba ɗaya. Fita “go out”, fito “come out”. Shiga “go in”, shigo “come in”. Koma “go back”, dawo “come back”. Saboda haka idan ka rasa wadda za ka ɗauka, faɗi maganar da Hausa a zuciyarka. In ka ji “o”, to mafi yawan lokaci “come” kake nema.

Haka nan “take” da “bring”: kai da kawo ne, ba ƙari ba ragi. Idan malamar makaranta ta ce wa ɗanka “bring your book tomorrow”, ya kawo mata. Idan ta ce “take this letter home”, ya kai gida. Ɗauko kuwa, wato ka je ka zo da abu, shi ne “fetch”, ko da yake a bakin mutane “go and get” za ka fi ji.

Yanzu ga babbar, wadda na sa a kan jawabin. Bahaushe yana zaune da kai, zai tashi ya ce “ina zuwa”, ya fita. Kowa ya gane: zai je ya dawo. Mu kuma sai mu juya ta kai tsaye mu ce “I'm coming” muna ba mutum baya. A kunnen Bature, “I'm coming” na nufin ga ni nan tafe wurinka yanzu. Ana faɗinta ne idan an kira ka daga wani ɗaki. In kuwa mara lafiya ya roƙe ka ruwa ka ce masa “I'm coming” ka fice, zai ɗauka ko ba ka ji shi ba, ko ka raina shi. Abin faɗi shi ne “I'll be right back”, ko “give me a minute”.

Sai maganar abin hawa. Mu komai shiga muke yi, sai mu ce “enter the bus”. A nan bas da jirgin ƙasa da jirgin sama “get on” ake yi musu, a sauka da “get off”. Ƙaramar mota da tasi kuwa “get in” da “get out of”. Dabarar tunawa: in za ka iya miƙewa tsaye ka taka a ciki, “on” ne. Kada ka ce wa direba “I will drop here”. Ka ce “I'll get off here”. Direba ne ke yin “drop off”, wato ya sauke ka, kamar yadda “pick up” ke nufin ya ɗauke ka. Iyaye mata, ku kula da wannan: “I dropped her off” na nufin na ajiye ta a makaranta. In kika tsaya a “I dropped her” kawai, kin ce yarinya ta suɓuce daga hannunki ta faɗi. Idan kuma kuka ji “alight” a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, sauka ake nufi.

Akwai wasu biyu da zumuncinmu ke jawo mana. Muna cewa “zan bi ka kasuwa”, sai mu ce “I will follow you”. A nan “follow” bin baya ne, kuma in ka faɗa wa wadda ba ta san ka ba tana iya tsorata. Ka ce “I'll come with you”. Rakiyar baƙo kuma ba “escort” ba ce a bakin mutane. An fi amfani da ita ga jami'an tsaro, tana kuma da wata ma'anar da ba zan faɗa a gaban iyayena ba. Ka ce “I'll see you off” ko “I'll walk you to the station”.

Na ƙarshe, ƙananan kalmomin da ke biyo baya. “I'm leaving London” na nufin zan bar Landan. “I'm leaving for London” na nufin zan tashi zuwa Landan. Kalma ɗaya ce ta juya alƙiblar tafiyar. Ana cewa “arrive in Kano”, “arrive at the airport”, ba a cewa “arrive to”. Gida kuma “go home” ne, babu “to” a tsakani.

Ƙannenmu na gida masu shirin jarrabawar IELTS, ku riƙe waɗannan tun yanzu. Mu na nan kuma, kada mu ji kunyar tambayar 'ya'yanmu da aka haifa a ƙasar nan. Ni da kaina, har yau in zan rubuta rahoto mai muhimmanci sai na sake karanta kowace kalmar tafiya sau biyu kafin in sa hannu.

Duk mai wata kalma da ta taɓa jefa shi cikin matsala, ya kawo ta zama na gaba mu duba tare. Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya kai mu gida lafiya.