Wasan Gem: Yaya Uwa Za Ta Gane Mai Kyau?

  

Batunmu na yau wata baiwar Allah ce daga Bakura ta jawo shi. Ta aiko mana da saƙo cewa ɗanta mai shekara goma sha ɗaya ya hana wayarta sakat. Da ta ajiye ya ɗauka, sai gem. Maigidan ya ce a hana shi kwata-kwata. Ita kuma tana tsoron in an hana shi a gida, ya koma shagon gem na bakin kasuwa, inda ba ta san da wa yake zama ba. Tambayarta ita ce: shin a cikin wasannin nan akwai na kirki kuwa, ko duk jirgi ɗaya ya kwaso su?

To 'yar'uwa, akwai na kirki, akwai na banza, kamar dai yadda yake a littafi da fim. Abin da ya rage shi ne mu san ma'aunin. Ni kuwa ma'aunina ba daga nesa na samo shi ba, daga gindin bishiyar ƙofar gidanmu ne, inda dattawa ke dara.

Ku tuna yadda dara take. Gurabe talatin a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, wanda ya jera uku ya ci ɗaya daga na abokin karawarsa. Cikin ɗan lokaci za a koya wa yaro dokarta, amma sai mutum ya yi furfura yana gano sababbin dabaru. Ba a sayen nasara a dara. Wanda aka ci ya san inda ya yi sake. Kuma in an kira salla, a share gurabe a tashi. To wannan siffa ita nake nema a kowane wasan waya ko na talabijin.

Abu na farko, wasa mai kyau yana da sauƙin shiga, amma ƙwarewa a cikinsa sai an yi da gaske. Wadda ta kai shekaruna za ta tuna macijin nan na wayar Nokia 3310, wanda kullum ya ci abinci sai ya ƙara tsawo, har ya rasa inda zai juya. Za ta kuma tuna ɗan akwatin gem mai batir da ake jera tubala. Wancan wasan na tubala asalinsa Tetris ne, wani masanin kwamfuta mai suna Alexey Pajitnov ya ƙirƙiro shi a birnin Mosko a shekarar 1984. Siffofi bakwai ne kacal a cikinsa, kowace da murabba'i huɗu, amma ga shi sama da shekara arba'in ana yin sa. Haka Super Mario Bros. da kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1985: matakin farko ba ya rubuta maka komai, sai ya turo maka abokin gaba guda ɗaya a fili, in ka yi tsalle ka tsira, in ka tsaya ka faɗi. Ka koya ke nan. Wasan kirki haka yake koyarwa, kaɗan-kaɗan, yana ƙara nauyi daidai da yadda hannu da ƙwaƙwalwar yaro ke ƙara faɗawa. Wanda kuwa aikinsa kawai a yi ta danna wuri ɗaya ana ganin walƙiya, wannan cin batir ne da cin lokaci.

Na biyu, adalci. In yaro ya faɗi, ya kamata ya san dalili, ya kuma ga cewa in ya gyara zai wuce. A nan ne fa da yawa daga cikin wasannin da ake cewa kyauta ne suke da lauje cikin naɗi. Za a bar yaro ya yi ta cin nasara har ya shaƙu, sannan a kawo shi wani mataki da ba ya wucuwa sai ya biya kuɗi ko ya zauna kallon talla. Mafi muni shi ne akwatin sa'a: ka biya kuɗi, a buɗe maka akwati, ba ka san abin da ke ciki ba, ko gwarzon ɗan ƙwallo ko tarkace. A shekarar 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa irin wannan akwati da ake saya da kuɗi caca ne, har kamfanin EA mai wasan FIFA ya daina sayar da makin buɗe su a ƙasar a farkon 2019. Jama'a, in Turawan da dokarsu ta yarda da caca ga manya sun ga haɗarin wannan ga yara, ina ga mu da addininmu ya haramta ta? Saboda haka uwa, duk wasan da kika ga ɗanki yana naci a ba shi kuɗin kati saboda shi, ki bincika. Kada kuma ki bar katin bankinki a haɗe da wayar da yaro ke riƙewa.

Na uku, wasa mai kyau yana da wurin tsayawa. Wasan ƙwallo irin FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, ko PES da ya koma eFootball a 2021, alƙali zai busa tashi, an ci ko an yi canjaras, shi ke nan. Uwa za ta iya cewa, "Wasa biyu za ka yi ka tashi," yaro ya gane, ita ma ta gane. Amma akwai waɗanda da gangan aka gina su ba su da ƙarshe. Za su ce wa yaro in bai leƙo yau ba kyautarsa ta ƙone, in bai dawo da dare ba abokansa sun wuce shi. Wannan ba wasa yake yi ba, shi ake wasa da shi. Ƙasar Sin, wadda ke da manyan kamfanonin gem, a watan Agusta na 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Ban ce mu kwaikwaye su tsaf ba, amma kun ga ashe ba mu kaɗai abin ya dama ba.

Na huɗu, me ya bar wa yaro bayan an kashe waya? Akwai wasan Minecraft da wani kamfanin Suwidin ya fitar a 2011, wanda aka sayar da fiye da kwafi miliyan 300. Yaro ne zai haƙo ƙasa, ya sari itace, ya gina gida, ya ja ruwa zuwa gona. Na taɓa zama kusa da ɗan yayata yana yi, sai na ga ya tare ruwa ya yanka masa hanya, ya ce wai madatsar Bakolori yake ginawa da magudanan da ke kai ruwa gonakin shinkafa. Ranar na yi shiru, don na shigo ne da niyyar faɗa. Haka ludo na waya: in uwa da 'ya'yanta huɗu sun kewaye waya ɗaya bayan isha'i ana dariya ana musu, ai an yi zumunci. Bambancin wannan da yaron da ya kulle kansa a ɗaki, abin ji a kunne, ana sallama ba ya amsawa, a fili yake.

Na biyar kuwa, shi ne wanda ya fi shafar mu nan yankin. Ba mu manta da 2021 ba. A watan Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A farkon Satumba aka ɗauki ɗalibai a makarantar Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, aka rufe makarantu, aka dakatar da kasuwannin mako, aka kuma katse sabis ɗin waya a faɗin jihar na tsawon makonni. Yara na gida, ba boko, ba zuwa daji, ba wasan dandali da dare. A irin wannan hali iyaye da yawa suka gane amfanin ɗan wasan da ke aiki ba tare da intanet ba, wanda ba ya shan data, ba ya cinye cajin da aka biya kuɗi aka yi. Don haka ba na goyon bayan a ce gem duka sharri ne. Wani lokaci shi ne ya zaunar da yaro a gida lafiya.

Amma kuma saboda wannan halin ne nake roƙonmu mu dubi abin da ke cikin wasan. Yaron da ya taɓa jin ƙarar bindiga ta gaskiya cikin dare, ya ga mahaifiyarsa na rawar jiki, anya ya dace nishaɗinsa ya zama harbi da ƙwacen mota? Ban ce wasa ne ke mai da yaro ɗan ta'adda ba, matsalarmu ta fi ƙarfin haka. Abin da nake cewa, zuciyar da ta sha firgita tana bukatar abin da zai kwantar da ita. Kuma masu wasannin da kansu sun sa alama. A Play Store, ƙarƙashin sunan kowane wasa akwai lamba: 3+, 7+, 12+, 16+ ko 18+. Haka a jikin faifan PlayStation. Ko ba ki jin Turanci, ai kin san lamba. Wasan GTA da yara ke rububi a shaguna, lambarsa 18 ce. Masu shagunan gem, ƙannenmu, sana'arku halal ce in an tsare ta, amma ku ji tsoron Allah: kada ku kunna wa ɗan shekara goma abin da masu shi suka ce na manya ne, kada ku karɓi yaro da kayan makaranta a lokacin aji, kada kuma ku bari a sa kuɗi a kan wasan ƙwallo.

Yaushe abin ya zama ciwo? Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019, ya fara aiki a 2022. Alamomin da ta bayar su ne mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita wasan a kan sauran lamurran rayuwa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin illa, abin ya ɗauki kamar wata goma sha biyu. Ta kuma ce kaɗan ne daga cikin masu wasa ke kai wa nan. Don haka kada mu ga yaro ya yi awa ɗaya mu ce ya lalace. Mu dubi sallarsa, barcinsa, Islamiyyarsa, da yadda fuskarsa take in an ce ya ajiye.

Shawarata ga mai tambaya: yau da dare ki zauna kusa da shi, ki ce, "Zo ka koya mini." Ki ba shi minti goma sha biyar. Ki tambaye shi yadda ake ci, me ya sa ya faɗi, ina ƙarshensa, ana neman kuɗi ko ba a nema. Amsarsa za ta gaya miki irin wasan. Sannan ki kai wa maigida bayanin cikin ladabi, ku yanke lokaci tare, ku tsaya a kai baki ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma a riƙa ba 'yan mata nasu rabon, kada wayar ta zama ta maza, wanke-wanke na mata.

Kafin na tafi, ga ƙalubale ga ɗalibanmu masu karatun kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke nan Talata Mafara, musamman mata. A Legas akwai kamfanin Maliyo Games da aka kafa a 2012, yana yin wasannin waya da labaran Afirka. A Kamaru, Kiro'o Games ya fitar da wasan Aurion a 2016. Mu ma muna da dara, da langa, da carafke, da Gizo da Ƙoƙi. Ina jiran ranar da ɗana zai karɓi wayata in ji wasan na yi masa magana da Hausa.

A nan zan dakata. Wadda ke da ƙarin bayani ko gyara, ƙofarmu a buɗe take. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba yankinmu zaman lafiya mai ɗorewa.