Jawabin Shugaban Ɗakin Madubin Ilektoron a Bikin Yaye Rukunin Farko



Mun taru yau domin miƙa takardar shaida ga rukunin farko da suka kammala horon sarrafa madubin ilektoron na wannan jami'a. Ƙa'idar ɗakin ɗaya ce: babu mai taɓa na'urar sai ya yi rajista, ya zauna horo, ya kuma ci gwaji a gaban mai kula da ita. Ba kowa wannan ƙa'ida ta yi wa daɗi ba, don haka ina neman izinin Shugaban Jami'a in kare ta a gaban jama'a.

Madubin likita da muka saba da shi da haske yake aiki, kuma tun 1873 Ernst Abbe ya nuna cewa haske yana da iyaka. Abubuwa biyu da tazararsu ba ta kai kimanin nanomita 200 ba, a haɗe za ka gan su, komai kyan gilashin. Ƙwayar cutar shan inna kuwa faɗinta bai wuce nanomita 30 ba. A 1931 Ernst Ruska da Max Knoll suka buɗe wata hanya a birnin Berlin na Jamus, suka sa ilektoron a madadin haske, maganaɗisu a madadin gilashi. Mu ma mun ɗanɗana muhimmancin abin. A 1969 aka gano zazzaɓin Lassa a garin Lassa da ke jihar Borno ta yau, amma a Jami'ar Yale ta Amurka aka ware ƙwayar cutar, kuma siffarta a madubin ilektoron na cikin abin da ya nuna danginta. Irin wannan ido ne yanzu ke harabarmu.

Hausawa kan ce gani ya kori ji, amma a wannan ɗaki gani kaɗai ba hujja ba ne. Ilektoron ba ya tafiya mai nisa cikin iska, dole a zuƙe iskar cikin na'urar, kuma abu mai danshi ba ya jure wannan yanayi. Saboda haka mai son duba ɗan yankin hanta sai ya sandarar da shi da gulutaraldehaid da osmiyom, ya janye ruwansa sannu a hankali da sinadarin etanol, ya binne shi cikin ƙaro har ya daskare, ya yanka da wuƙar lu'ulu'u har kaurinsa ya koma wajen nanomita 70, sannan ya ɗora a kan wata 'yar rariyar tagulla mai faɗin milimita 3. A kowane mataki samfurin na iya motsewa, ko ya yage, ko ya kwashi datti. Wanda kilishi kawai ya taɓa gani ba zai iya siffanta ɗanyen nama ba. Haka ma mai duba yumɓu ko ƙwaro: idan bai shafe samfurin da siririn zinari ko kabon ba, lantarki zai taru a jikinsa, hoto ya fito da fararen zane-zane. Haɗarin shi ne na'urar ba ta ƙin ba da hoto. Za ta ba ka mai kyau, ka ɗauki ɓarnar hannunka a matsayin sabon ilimi, ka rubuta a kundin digiri. Horon nan shi ke koya wa mutum bambance abin da ke cikin samfur da abin da shi ya jawo masa.

Wasu na cewa farfesan da ya yi shekaru yana bincike bai kamata a zaunar da shi aji ɗaya da ɗalibinsa ba. Girman malamanmu yana nan, babu mai taɓa shi. Sai dai tururin osmiyom yana lalata ido ba tare da ya tambayi muƙami ba, ruwan naitirojin da sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifili yana ƙona fata, kuma garin ƙarfen da ba a manna shi da kyau ba, maganaɗisun na'urar zai fizge shi ciki. Idan haka ta faru, kayan gyara daga ƙasar waje za a nemo su da kuɗin waje, kuma duk masu jiran layi sai aikinsu ya tsaya. Dama ga ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta da muke fama da su, bai kamata mu ƙara da ganganci ba. Takardar rajista da ke tambayar me ka kawo, wannan ne dalilinta, kuma ita ce ke hana a shigo da ƙwayar cuta mai rai ɗakin da ba a gina shi don haka ba.

Wasu kuma na cewa a bar wa ma'aikacin ɗakin aikin gaba ɗaya, mai bincike ya kawo samfur ya karɓi hoto. Ga mai buƙatar hoto ɗaya ko biyu wannan daidai ne, kuma ƙofar a buɗe take. Amma ma'aikaci bai san tambayar da ke zuciyar mai binciken ba, kuma samfur ɗaya yana da wuraren dubawa da ba su ƙirguwa. Wanda ya zaɓi inda za a duba, kusan shi ya zaɓi sakamakon. Ranar da masu tantance mujalla suka tambayi ƙarfin lantarkin da aka yi amfani da shi da yadda aka shirya samfurin, littafin rajistar ɗakin ne zai amsa.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na jinkiri, domin ɗalibi yana da wa'adi. Wannan gaskiya ne, kuma nauyinsa a kanmu yake. Idan muka wajabta horo amma ba ma shirya shi a kai a kai, mun rufe ɗakin ke nan da sunan tsare shi. Don haka muna roƙon hukumar jami'a ta ware kuɗin horo da na duba lafiyar na'ura a kasafin kowace shekara, ta kuma tanadi wutar da ba ta yankewa. Ku kuma da aka yaye yau, za a fara ba ku lokacin rana tare da mai kula, kafin a sakar muku na'urar ku kaɗai, kuma da ku za a koyar da rukuni na gaba.

Yanzu ina gayyatar Mai girma Shugaban Jami'a ya miƙa takardun shaida.