Ƙwayoyin da ke cin dutse: abin da aka koya a Ankor da kogon Lasko

Yau zancen dutse za mu yi, da abin da ke cin sa.

Mai sauraro, in damina ta yi nisa, ka leƙa ƙarƙashin indararon gidanku. Za ka ga inda ruwa ke bi ya yi kore, daga baya ya yi baƙi, in ka shafa ka ji santsi. Mukan ce datti ne ko gansakuka, mu wuce. To, wannan baƙin fa mai rai ne. Gari ne guda na ƙananan halittu da ido ba ya gani sai da madubin bincike: akwai bakteriya, akwai funfuna, akwai 'yan mitsi-mitsin tsirran ruwa. Suna fitar da wani yauƙi da ke manne su da bango, yana kuma riƙe musu laima in rana ta buɗe. Wannan abu da ka raina a bangon gidanku, shi ne ya hana masu kula da gine-ginen tarihi na dutse barci a ƙasashe da dama, har ya zama fannin bincike mai zaman kansa.

Za ka ce, yaya abin da bai kai ƙwayar ƙura ba zai ci dutse? Ai da sannu yake yi. Masu fara sauka su ne koraye, don ba su buƙatar komai sai haske da ruwa da iska. In sun mutu, gawarsu ta zama abincin funfuna da sauran bakteriya. Ita funfuna tana tura siraran zaruruwa tsakanin ƙwayoyin yashin da suka haɗu suka yi dutsen, tana ɓanɓare su ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma wani ɓawo mai kama da ƙyasbi da ke fitowa a jikin duwatsu, wanda haɗin gwiwa ne tsakanin funfuna da ɗan tsiron ruwa, yana fitar da asid mai narkar da sinadarin ƙarfin dutse. Wasu bakteriyar kuwa farar wuta ce abincinsu, kuma abin da suke kasayarwa shi ne irin asid ɗin nan na ruwan batir. In ya taɓa dutse mai farar ƙasa sai ya mai da shi wani gishiri mai laushi, gishirin ya shige ƙofofin dutsen, ya bushe, ya kumbura, ya fasa shi daga ciki. Ka lura da abu ɗaya: duk cikinsu babu mai iya aiki in babu ruwa.

Mu fara da ƙasar Kambodiya, can kudu maso gabashin Asiya. A nan ne ake da Ankor Wat, wurin ibadar da Sarki Suryabarman na Biyu ya gina a farkon ƙarni na 12, da dutsen yashi da aka sassaƙo daga tsaunin Kulen. Bangayensa cike suke da sassaƙe-sassaƙe, kuma UNESCO ta sa yankin Ankor cikin jerin kayan tarihin duniya a 1992. Ƙasa ce mai zafi da ruwan sama mai yawa, sannan rani ya biyo baya ya busar da komai. Tun wajen 1960 masana daga Cibiyar Pasta ta birnin Faris suka gano bakteriya masu cin farar wuta a cikin ruɓaɓɓen dutsen wurin. Daga baya masu bincike daga Japan suka bi sawun gishirin da ke cin gindin ginshiƙai, sai suka tarar kashin jemagu ne tushensa. Jemagu na kwana a rufi, ruwan sama na yoyo ya wanke kashinsu zuwa ƙasa, gindin ginshiƙi ya tsotse ruwan kamar lagwani, in rani ya zo gishirin ya bushe a ciki, dutsen ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa.

Tsakanin 1986 da farkon shekarun 1990, wata tawaga daga Indiya ta yi aikin gyara a Ankor Wat, ta wanke bangaye da buroshi da magunguna don kawar da baƙin. Masana da yawa sun soki wannan wanki, suka ce gogar na tafiya da fatar dutsen, baƙin kuma ya sake dawowa tunda ruwan da ke ciyar da shi na nan. Sai ga wani binciken na masanan Faransa da ya kwatanta gini biyu a yankin: Ta Keo, wanda aka sare dajin da ke kewaye da shi, da Beng Meliya, wanda ke cikin inuwar itatuwa. Wanda aka share, ya fito fes a rana, shi ya fi saurin lalacewa. Na cikin kurmi, duk da ƙyasbin da ya lulluɓe shi, sassaƙarsa ta fi zama lafiya, domin inuwa da wannan ɓawon na kare shi daga jiƙa da bushewa na kullum. Ka ga ke nan, ba kowane baƙi a jikin dutse ne abokin gaba ba.

Daga Asiya mu koma Faransa, inda darasin ya fi ɗaci. A watan Satumba na 1940 wasu samari huɗu suka gano wani kogo kusa da garin Montinyak, ana kiransa Lasko. A bangayensa akwai zanen dawakai da bijimai da barewa da mutanen da suka yi kimanin shekara 17,000 da suka wuce. Duk tsawon wannan zamani kogon na toshe, zanen na nan garau. A 1948 aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido, ba a jima ba ya zama mutum kamar 1,200 ke shiga kowace rana. Numfashinsu ya ƙara zafi da laima, takalmansu suka shigo da ƙasar waje, fitilun da aka kunna suka ba korayen nan haske. Sai gansakuka ta fara bin bango. A 1963 ministan al'adu, Andre Malro, ya ba da umarni aka rufe kogon. Shekara 15 kacal na baƙi sun yi abin da dubban shekaru ba su yi ba.

Aka yi feshi, koren ya lafa, aka yi shekaru ana zaune lafiya. A 2001, bayan an sauya na'urar daidaita iskar kogon, sai wata farar funfuna ta ƙasar gona, mai suna Fusarium solani, ta mamaye daɓe da gindin bangaye. Hankali ya tashi. Aka zuba ɗanyar farar ƙasa mai ƙuna a daɓen, aka yi ta shafa maganin kashe ƙwayoyi, irin wanda ake tsabtace asibiti da shi, shekara da shekaru. Farar ta ja da baya. Amma me? Sai baƙaƙen tabo suka bayyana, zuwa 2007 har sun kai kusa da zanen. Da masana suka ɗebi samfuri suka bincika, sai suka ga maganin ya kashe ƙwayoyi masu rauni ya bar masu taurin kai, kuma a cikin waɗanda suka saura akwai bakteriyar da ke narkar da maganin kansa su mai da shi abinci. Gawar waɗanda aka kashe ita ma ta zama taki. A cikin baƙin tabon aka samu wata funfuna da kimiyya ba ta san da ita ba, aka raɗa mata sunan kogon a 2012, Ochroconis lascauxensis. Har wasu 'yan ƙananan ƙwari na ƙasa aka kama suna cin ta suna yaɗa irinta. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

Yau ba a barin jama'a su shiga Lasko na asali. An gina kwafinsa kusa da shi a 1983, aka buɗe wani cikakken kwafin a 2016, can ake kai baƙi. Masu kula da kogon sun rage dogaro da feshi, sun koma ga auna zafi da laima da taƙaita shigar mutane.

Abin da waɗannan wurare biyu suka koya wa masana shi ne, kafin ka ɗauko magani, ka tambaya: wa ke zaune a kan dutsen nan, me yake ci, daga ina ruwa ke zo masa? A da sai an shuka ƙwayoyin a faranti a ɗakin bincike kafin a san su, kuma mafi yawansu ba sa tsirowa a faranti. Yanzu ana karanta ƙwayoyin gadonsu kai tsaye daga ɗan abin da aka kankaro, a san mazauna wurin gaba ɗaya. Har an kai ga ɗaukar wasu bakteriyar aiki. A 1993, a garin Tuwar na Faransa, an fesa wa hasumiyar wani tsohon coci bakteriya masu ƙera farar ƙasa, suka yi wa dutsen sabuwar fata. A birnin Filorans na Italiya kuma, wajen 2020, bakteriya aka sa suka cinye dattin da ya kafe a jikin sassaƙen marmara na Mikelanjelo, ba tare da an kankare dutsen ba.

To, mu fa ina ruwanmu? Muna da namu. A Dabus, arewa da Agadas ta hanyar Arlit, akwai raƙuman dawa da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutsen yashi, babban ya haura mita 5. A Birnin Kudu ta jihar Jigawa akwai zanen shanu a ƙarƙashin duwatsu. Bushewar ƙasarmu na cikin abin da ya taimaka suka kawo yau. Saboda haka, ɗan'uwa, in Allah ya kai ka irin waɗannan wurare, kada ka watsa wa zane ruwa wai don ya fito a hoto. Kada ka bi shi da alli ko gawayi, kada ka shafa da hannu, don gumi da maiƙon hannu abinci ne ga ƙwayoyin nan. Kada a hura wuta a gindinsa, kada kuma a ce za a wanke shi da omo don a burge baƙi. In ka ga kore ko baƙi na yaɗuwa a kai, ka duba ta ina ruwa ke zuwa, ka sanar da hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasarku, ka bar musu sauran. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Nan za mu dasa aya a shirin na yau. Mai tambaya ko ƙarin bayani, ƙofarmu a buɗe take, a aiko mana. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, a huta lafiya.