Jawabi kan awon zuciya da tafiya



Mai sayen jaki a kasuwa ba ya biya yana ganin jakin tsaye. Sai an kora shi, ya ga tafiyarsa. Haka lokotoro yake yi da zuciya.

Zuciya tana da ƙananan jijiyoyi masu kai mata jini. Kitse yakan taru cikinsu, hanya ta matse. In mutum yana zaune, jinin da ke wucewa ya isa. Amma in ya kama noma ko ya ɗauki buhu, jinin ba ya isa. Sai ya ji nauyi a ƙirji. Wani lokaci ciwon yakan kai hannun hagu ko muƙamuƙi. In ya huta minti kaɗan, sai ya lafa.

Don haka awon da aka yi ma mutum yana kwance ba kullum yake nuna cutar ba. Sai a sa zuciya aiki.

Ga yadda ake yi. Ana manna wayoyi a ƙirji. Babu allura, babu yanka. Mutum ya hau wata na'ura mai shimfiɗa da ke tafiya ƙarƙashin ƙafa, ko ya tuƙa keken da ba ya gusawa. Kowane minti 3 ana ƙara sauri da tudu. Wani lokotoron Amurka, Robert Bruce, shi ya fito da wannan tsari a 1963. Na'ura tana zana bugun zuciya, ana kuma auna hawan jini. In ciwo ko jiri ya zo, mutum ya faɗa, a tsaya nan take.

Kafin awo, kada a cika ciki. Kada a sha taba ko shayi, kada a ci goro.

Awon yana nuna ma lokotoro aikin da zuciyar za ta iya ɗauka, da ko magani yana ci. Wani lokaci sai an ƙara da wani awon.

Ana yin shi a babbar asibiti, gaban lokotoron zuciya. Kada kowa ya gwada kansa da gudu a gida. Mai jin wannan ciwo ya je likita mafi kusa, a tura shi gaba. Mai shan taba, da mai hawan jini ko ciwon sukari, su fi kowa kula.

In ciwon ƙirji ya wuce minti 15 bai lafa ba, ga zufa, kada a jira gari ya waye. A kai mutum asibiti.

Allah ya ba mu lafiya.