Daga Gona Zuwa Littafi: Aikin Edita a Rubutun Masana kan Karkarar Kano



Gabatarwa

Wanda duk ya fita daga Birnin Kano ya bi hanyar Bici, ko ta Ɗambatta, ko ta Gezawa, zai yi tafiya mai nisa bai ga daji ba. Gona na bin gona, gida na hangen gida, ga ɗorawa da kuka da gawo da tsamiya tsaye a tsakiyar shuka, kowace bishiya da mai ita. Ƙasa ce wadda ba ta san hutu ba, a noma ta bana, a noma ta baɗi, kamar yadda iyaye da kakanni suka yi. Saboda haka ne masana suka daɗe suna zuwa nan da igiyar awo da takardar tambayoyi, har ta zama ɗaya daga cikin karkarun Nijeriya da aka fi bincikawa.

To, ina sakamakon wannan bincike ya tafi? Kaɗan daga ciki ya zama littafi, ya kewaya duniya. Mai yawa kuwa yana nan kwance cikin kundayen digiri a ɗakunan karatu na jami'o'i, ƙura na hawa, gara na jira. Dalilan haka suna da yawa, akwai tsadar takarda, akwai ƙarancin maɗaba'u. Amma wannan lacca za ta tsaya ne a kan dalili guda wanda ba a cika ambatonsa ba, watau rashin editan da zai zauna da masani tun rubutunsa yana ɗanye, ya taimake shi ya ba shi tsari.

Masu duba rubutu iri uku ne

Na farko shi ne mai gyaran kurakurai, wanda ke bin shafi layi-layi yana daidaita harafi da aya da waƙafi. Na biyu shi ne mai tantancewa, watau wani masani a fannin wanda mujalla ko maɗaba'a ke aika wa rubutu a asirce don ya faɗi ko ya cancanci bugu. Shi alƙali ne, hukunci yake yankewa ya tashi. Na uku shi ne wanda za a kira editan tsari. Shi kuwa ruwansa da ginin rubutun gaba ɗaya: mene ne marubuci yake son faɗi, wa yake faɗa wa, wane babi ya kamata ya zo gaban wane, ina hujja ta yi ƙarfi, ina ta yi rauni, me za a zubar. Idan aka kwatanta littafi da ɗaki, mai gyaran kurakurai shi ke yin shafe, mai tantancewa shi ke cewa ɗakin zai zaunu ko ba zai zaunu ba, editan tsari kuwa yana nan tun ana jera tubali. An san kuwa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da gonakin Kano suka faɗa wa duniya

Don a ga amfanin tsari, ya kamata a dubi rubuce-rubucen da suka yi suna a kan wannan yanki. A 1965 Sashen Labarin Ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello ya buga rahoton Michael Mortimore da J. Wilson kan ƙasa da jama'a a karkarar da ke kewaye da Kano. Mortimore ya koyar a Zariya, daga baya ya dawo Jami'ar Bayero, ya kuma ci gaba da bin al'amarin shekara da shekaru. A zamanin nan abin da masana da yawa suka ɗauka shi ne, in jama'a ta yi yawa a ƙasa mai ƙarancin ruwa, lalle ƙasar ta mutu, itatuwa su ƙare, hamada ta shigo. Shi kuwa abin da ya gani daban ne. Manomin Kano yana ciyar da tumaki da awaki da harawar wake da ta gyaɗa, ya mayar da takinsu gona, jakuna su kai itace birni su dawo da mangalar taki, bishiya kuma a raine ta kamar dabba. Littafinsa na 1989, wanda ya bi yadda manoma da makiyayan Arewa suka yi dabarun rayuwa tun daga farin 1973, a kan wannan ra'ayi ya ginu, cewa talakan karkara mai dabara ne wanda ya san ƙasarsa. A shekarun 1990 Frances Harris ta auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita a Tumbau ta ƙasar Gezawa, har ta lissafa da ƙurar hunturu cikin abubuwan da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Polly Hill kuwa ta yi bincikenta a Ɗorayi, kudu da ganuwar birni, a 1971 da 1972, littafinta ya fito a 1977. Ta kwatanta karkarar Kano ta 1900 da ta 1970, ta nuna cewa a da karkara tana da saƙa da fatauci da arzikin kanta, amma daga baya ciniki ya tattare a birni, gona ta yi kaɗan, talaucin marasa gona ya tsananta.

Waɗannan masana biyu ba inda suka sa ido ɗaya ba ne, kuma ana iya jayayya da kowannensu. Amma abin lura shi ne, ana iya faɗin abin da kowane ya ce cikin jimla biyu. Wannan shi ya sa maganarsu ta yi tafiya. Kundin da mai shi kansa ba zai iya taƙaita shi haka ba, ko da ya fi nasu yawan alƙaluma, ba ya zuwa ko'ina.

Yadda edita ke aiki

A ɗauka, alal misali, wani malami ya yi damina biyu a wani ƙauye na ƙasar Minjibir yana binciken taki, ya rubuta kundi mai shafi 400, aka ba shi digiri. Yanzu yana son ya mai da shi littafi. Kundi an rubuta shi ne don masu jarrabawa uku ko huɗu, waɗanda dole su karanta, kuma abin da suke nema shi ne shaidar cewa ɗalibi ya yi karatu. Littafi kuwa na wanda ba dole a kansa ne, in ya gaji ya rufe.

Abu na farko, edita zai karanta kundin daga farko har ƙarshe ba tare da ya taɓa ko waƙafi ɗaya ba, sa'an nan ya tambayi malamin abin da ya gano wanda ba a sani ba. Sau da yawa amsar tana ɓoye a babi na shida. Wataƙila malamin ya gano cewa gonar aro da ta jingina ba sa samun taki kamar gonar gado, domin mutum ba ya zuba ƙarfinsa a ƙasar da za a iya karɓewa baɗi. To, wannan ita ce zuciyar littafin, sai a ɗauko ta a kawo shafin farko, kowane babi ya zama mai yi mata hidima.

Abu na biyu, zai tambaya wa ake rubuta wa. In masanan duniya ne, sai an bayyana musu gandu da gayauna da bambancinsu. In malaman gona ne da ma'aikatan ƙaramar hukuma, sun san wannan tun suna yara, abin da suke bukata shi ne a gaya musu abin da za su canza a aikinsu. Rubutu ɗaya ba ya gamsar da duka biyun.

Abu na uku shi ne ragi, kuma nan ne ake samun gardama. Shafi tamanin na bitar abin da wasu suka rubuta yakan koma goma. Marubuci yana jin zafin wannan, domin kowane shafi ya ci masa dare. Amma manomin gero ya san in ya bar duk abin da ya tsiro a rami guda, babu wanda zai yi zangarniyar kirki.

Abu na huɗu shi ne bin diddigin hujja. Manomi da dami yake lissafin amfanin gona, da mangala yake lissafin taki, da tiya yake awon hatsi. Malami ya mai da su kilo da hekta. Edita zai tambaya ta yaya aka yi wannan juyi, tun da damin wani ya fi na wani, damin gero kuma ba ɗaya yake da na dawa ba. Zai tambaya ko an ji ta bakin matan gida, waɗanda da yawa daga cikin awakin nasu ne. Zai nuna inda aka ɗauki abin da aka gani a ƙauye ɗaya aka ɗora wa Jihar Kano duka. Gara a ji waɗannan tambayoyi daga bakin mai son littafin ya gyaru da a ji su daga mai suka bayan an buga.

A ƙarshe sai edita ya rubuta wa marubuci doguwar wasiƙa mai bayyana duk wannan, marubuci ya koma ya sake rubutu, a sake karantawa. Aikin yakan ɗauki watanni. Haka kuma ake yi wa maƙalar mujalla, sai dai ita magana ɗaya tak take ɗauka.

Aikin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa

Kada a zaci wannan sabon abu ne. A Zariya, Hukumar Fassara wadda ta koma Hukumar Talifi ta yi irin wannan aiki a ƙarƙashin Rupert East. Ita ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930, inda aka juya tsofaffin rubuce-rubucen tarihi daga Larabci zuwa Hausa, har da tarihin sarakunan Kano. Bayan gasar 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, Abubakar Imam ya tafi Zariya a 1936, ya yi watanni yana rubuta Magana Jari Ce, East yana karantawa suna tattaunawa. Abin da ya biyo baya sananne ne, Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, shi ma ya horar da wasu. Kamfanin Gaskiya na 1945, da hukumar NORLA wadda aka rufe a 1959, da kamfanin NNPC na 1966, duk sun gaji wani abu na wannan al'ada.

A fagen rubutun jami'a ma tarihi yana da abin cewa. Kundin Mahdi Adamu na 1974 kan Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma ya fito littafi a 1978. Na Yusufu Bala Usman kan Katsina, shi ma na 1974, ya fito a 1981. Amma na Mahmud Tukur kan yadda Turawan Ingila suka ci Arewa, wanda ya kammala a 1979, bai fito ba sai 2016, a Dakar, bayan rasuwarsa a 1988. Shekara 37 ke nan ɗalibai suna jin labarin aikin, kaɗan ne suka riƙe shi a hannu. In haka ta sami aikin mashahurin malami, ina ga na wanda ya yi bincike kan rijiyoyin Kunci ko kasuwar hatsi ta Dawanau?

Iyakar edita

Wannan aiki amana ce, kuma yana da iyaka. Edita ba ya rubuta wa masani littafi, ba ya ƙara masa alƙaluman da bai samo ba, ba ya juya masa sakamako don ya dace da ra'ayinsa ko na mai ba da kuɗi. Shawara yake bayarwa, hukunci na mai rubutu ne, sunan da ke bango kuma nasa ne. Wanda ya karɓi kuɗi ya rubuta wa wani kundi ba edita ba ne, abokin ha'inci ne. Har wa yau, abin da manoma suka faɗa a asirce game da bashi ko rikicin gado, wajibin edita ne ya tuna wa marubuci ya sakaya sunayensu, domin littafi yakan komo ƙauyen da aka rubuta shi a kansa.

Kammalawa

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin jami'o'i ba. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana da tsarin tallafa wa malamai su mai da rubutunsu littafi. Ya kamata a ware wani kaso na irin wannan kuɗi don aikin tsari, kada duka ya tafi ga takarda da tawada. Maɗaba'un jami'o'i su ɗauki editoci na dindindin, su horar da su daga cikin masu digirin harsuna da tarihi da aikin gona. Malamin da ya zauna wata uku yana gyara rubutun na ƙasa da shi, a lissafa masa wannan a lokacin ƙarin girma. Cibiyoyi irin su Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Ƙasashe ta Jami'ar Bayero, wadda aka kafa a 2012, su sa ya zama ƙa'ida kowane babban bincike ya fito da ɗan littafi na Hausa wanda malamin gona zai iya karanta wa jama'a a ƙofar gidan mai unguwa.

Ma'aikacin da zai tsara rabon takin zamani ko dashen itatuwa a Makoɗa da Dawakin Tofa, in bai sami rubutu mai karantuwa ba, da zato zai yi aiki, manomi kuwa shi zai biya kuɗin kuskuren. Ɗalibi kuma zai sake tambayar da aka riga aka amsa shekara talatin da suka wuce. Mutanen karkarar nan sun ba masu bincike lokacinsu, da ruwan sha, da inuwar zaure, da sanin da suka gada. Mafi ƙanƙantar sakayya ita ce a rubuta abin da suka faɗa yadda zai karantu, ya kuma komo gare su.